Na'ura Mai Shaida Murya a Gidan Yawa

Jama'a masu saurare, na Lokuwa da Kolere da Yelwa da Sabon Layi a nan Mubi, da na ƙauyukan da ke gindin duwatsu har ya zuwa Sahuda, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka waɗanda iska ke isar musu da wannan shiri, barkanmu da war haka.

Mas'alar da nake son mu duba a daren nan, ko da yake sabuwa ce a zahirinta, asalinta daɗaɗɗe ne ƙwarai, domin tun kafin a san wutar lantarki malamai suka yi ta kai da kawowa a kanta: shin ana iya tabbatar da mutum ta muryarsa kaɗai, ba tare da an ga fuskarsa ba, har a gina hukunci a kan haka? Abin da ya tayar mana da ita yanzu shi ne, masu fasaha a Amurka sun ƙera wata irin lasifika da ake ajiyewa a tsakar ɗaki, wadda in an kira sunanta sai ta amsa, ta faɗi lokaci, ta karanto labarai, ta kunna karatu, ta tuna wa mutum alƙawarin da ya ɗauka, ta buga waya ga wanda aka ambata, har ta kashe fitila ta kunna fanka a gidan da aka haɗa kayansa da ita. Kamfanin Amazon ne ya fara fito da tasa, mai suna Echo, wadda ake kira da Alexa, a watan Nuwamba na 2014, watau a daidai lokacin da mutanen Mubi suke warwatse a Yola da Kamaru da kan duwatsu, suna jiran labarin ƙwato garinsu daga hannun Boko Haram, kuma babu abin da ke kwantar wa uwa da hankali a wancan zamani kamar ta ji muryar ɗanta a waya ta shaida ta. Google ya biyo baya da tasa lasifikar a 2016, Apple kuma a 2018.

Na san a cikin masu saurare akwai dattijon da zai ce ina ruwanmu da kayan masu kuɗin Turai, a garin da wuta ke zuwa ta ɗauke, data kuma ta yi tsada. Yana da gaskiya ta fuska guda, domin lasifikar kanta ba ta yawaita a gidajenmu ba tukuna, sai a wurin wanda ɗansa ya aiko masa daga Abuja ko Dubai, ko malamin jami'a da ya sa sola a gidansa. Amma Malam, hadimin da ke cikin lasifikar nan ya riga ya shigo gidanka ta wata ƙofar, gama yana zaune a cikin wayar Tecno ko Infinix da ke aljihunka, yana kuma cikin abin canza tashar sabuwar talabijin mai haɗi da intanet. Wayar nan kuwa, kowa ya sani, a gidajenmu da yawa ta kowa ce: da safe tana hannun maigida a kasuwa, da yamma uwargida ta kira danginta da ita, da dare yara su kewaye ta. To, na'urar da aka yi domin ta bi umurnin mutum guda, ta kuma riƙe masa asirinsa, in ta faɗa hannun mutum ashirin, lalle ne a tsaya a yi tunani.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, domin hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Ayyuka biyu na'urar ke yi, waɗanda mutane kan gauraya su. Na farko, ta gane abin da aka faɗa; na biyu, ta gane wanda ya faɗa. A farkon fitowarta aikin farko kaɗai ta iya, saboda haka kowa ya yi magana maigida ne a wurinta. A watan Janairu na 2017 wata yarinya 'yar shekara 6 a birnin Dallas ta yi hira da Alexa a kan ɗakin wasan 'yar tsana, sai ga kaya an kawo ƙofar gida da kuɗin iyayenta. Da wani mai gabatar da labarai a San Diego ya maimaita maganar yarinyar a talabijin, sai masu kallo suka riƙa kuka da cewa nasu na'urorin ma sun ji sun yunƙura za su saya. A cikin wannan shekara ta 2017 ce, a watan Afrilu, Google ya koya wa lasifikarsa rarrabe muryoyi, Amazon ya yi haka a watan Oktoba, Apple ya biyo a 2019.

Hanyar rajistar murya ba ta da wuya. Mutum zai buɗe manhajar kamfanin a wayarsa, da asusun kansa, bayan wanda ya kafa na'urar ya gayyace shi. Sa'an nan a nemi ya maimaita kalmar kira da wasu 'yan jimloli kaɗan, a wuri mai shiru, da muryarsa ta yau da kullum. Daga wannan ne na'urar ke tsamo siffofin muryar, waɗanda suka danganta da faɗin maƙogwaro da kogon baki da hanci da yadda mutum ya saba sarrafa harshensa, ta mai da su lissafi ta ajiye. Wannan lissafi shi ne za mu kira tambarin murya. Duk sa'ad da aka yi mata magana, sai ta gwada muryar da tamburan da ke wurinta, ta ga wanne ya fi kusa. In ta shaida mutum, ta buɗe masa abin da ke nasa: sunayen mutanensa, saƙonninsa, jadawalin harkokinsa. In ba ta shaida ba, ta ɗauke shi baƙo, ta amsa masa abin da kowa ke iya ji.

A nan ne nake son mu daɗe, domin a nan ne malamanmu suka riga masu ƙera na'ura. Fuƙaha'u sun yi saɓani a kan shaidar makaho. Malaman Hanafiyya sun ƙi karɓarta, hujjarsu kuwa ita ce muryoyi suna kama da juna, mai son ruɗu yana iya kwaikwayon muryar wani, alhali haƙƙin mutane ba a zartar da shi a kan shubuha. Mazhabar Imamu Malik, wadda alƙalanmu ke bi a wannan ƙasa, ta karɓi shaidarsa a kan zantuttukan da ya ji, bisa dalilin cewa Sahabbai sun karɓi hadisi daga Matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta bayan shamaki, kuma mutanen Madina suna rarrabe kiran sallar Bilal da na Ibnu Ummi Maktum a daren azumi, suna gina cin sahur da kame baki a kan wannan rarrabewa. Sai dai ku lura da sharaɗin da suka gindaya: sai makahon ya kasance mai basira, ya san muryar sani na yaƙini, irin wanda doguwar cuɗanya ke haifarwa, babu kokwanto a zuciyarsa. To, na'urar nan da ta ji ka na ɗan lokacin da bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba, ina ta samo yaƙini? Abin da ke gare ta rinjayen zato ne kurum, wanda aka auna da lissafi, aka sa masa iyaka: in kama ta kai kaza a buɗe, in ba ta kai ba a rufe. In masu ita suka tsananta iyakar, sai ta riƙa ƙin mai haƙƙi. In suka sassauta, sai ta karɓi wanda ba shi ba. Kuma da yake ɗan kasuwa ya fi tsoron fushin mai saye a kan komai, ba a rasa sassauci a kayan gida.

Ba zato nake faɗa ba. Kamfanin Google da kansa yana gargaɗi ga mai yin rajista cewa murya mai kama da tasa, ko muryarsa da aka naɗa, tana iya buɗe abin da ke nasa, har ma kamfanin ya janye damar buɗe makullin waya da murya kaɗai, wadda a da ya bayar. A watan Mayu na 2017 wani ma'aikacin BBC ya yi rajistar muryarsa a bankin HSBC a Ingila, ɗan'uwan tagwaitakarsa, wanda ko kama ta sak ba su yi ba, ya yi ta kwaikwayonsa a waya, a gwaji na takwas banki ya buɗe masa. Wannan banki ne, mai tsananin tsaro. Yanzu ku kawo abin gida: uba da babban ɗansa, waɗanda ko maƙwabta kan ruɗe in sun yi sallama daga zaure, ya da ƙanwa da suka tashi ɗaki ɗaya. Ku haɗa da hunturun Mubi, sa'ad da ƙura ke sauka, mura ta kama rabin gari, muryoyi su dushe. Da ƙarar janareta da injin niƙa da Keke Napep a bakin titi. Da yaron da aka yi wa rajista yana ɗan shekara goma sha biyu, bayan shekara biyu balaga ta sauya masa murya. Duk waɗannan suna sa na'urar kuskure, kuma maganinsu a sake koya mata muryar daga cikin saiti, a lokacin da mutum yake lafiya, gida kuma ya yi tsit.

Saboda haka abu guda nake roƙon 'yan kasuwarmu, musamman dillalai da fataken kasuwar shanu ta Mubi, waɗanda ke ƙulla cinikin miliyoyi da mutanen Chadi da Kamaru da Kudu a kan waya, amana kuwa ita ce jarinsu: kada murya ta zama mabuɗin kuɗi. Kada a haɗa katin banki da lasifika. In an riga an haɗa, a kashe saye da murya, ko a sa masa lambar sirri, wadda kuma ba a faɗinta a gaban jama'a. Mabuɗin kwaɗon shago in ya ɓace, ka je kasuwa ka sayo wani kwaɗon kafin magariba. Murya kuwa guda Allah ya ba ka, kana kuma rarraba ta kullum a saƙonnin WhatsApp da majalisu da wa'azi. A yau ƙirƙirarriyar basira tana iya ɗaukar ɗan guntun maganar mutum ta gina murya mai kama da tasa, ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Tun a 2019 aka ba da labarin shugaban wani kamfanin makamashi a Ingila wanda ya aika da Yuro 220,000 zuwa Hangari domin ya ji muryar ubangidansa na Jamus a waya tana umurtarsa, ashe ta jabu ce. Wanda ya ji muryar ɗansa ko abokin cinikinsa tana neman kuɗi da gaggawa daga baƙuwar lamba, ya katse, ya kira lambar da ya sani, ya yi tambayar da su biyu kaɗai suka san amsarta.

Sai mas'ala ta biyu, wadda ta fi damuna, domin ta shafi zaman gida. Lasifikar Google muryoyi 6 take riƙewa, haka ma ta Apple. Waɗanda suka yanke wannan adadi gidan miji da mata da 'ya'ya biyu ko uku ne a zuciyarsu. Gidan Lokuwa kuwa akwai maigida, da matansa biyu ko uku, da mahaifiyarsa a nata sashen, da 'ya'ya, da 'ya'yan 'yan'uwa da ake riƙo, da ɗaliban kwalejin kimiyya ko na jami'a da suka kama haya a ɗakunan waje. Su wa za a sa a cikin shidan nan, su wa za a bari? Kada a raina tambayar. Rajista tana bukatar mutum ya mallaki asusun kansa, galibi da wayar kansa; wadda ba ta da waya, na'urar za ta ɗauke ta baƙuwa a cikin ɗakin aurenta. In amarya ce mai ilimin boko da babbar waya, na'ura ta riƙa kiran sunanta tana amsa mata, uwargida kuwa ta yi magana a share ta, to maigida ya sani ya shigo da abin da zai taɓa adalcin da Shari'a ta ɗora masa, ko da bai yi nufi ba. Ra'ayina a nan a fili yake: ko a yi wa matan gida duka rajista rana ɗaya, kowa da yardarta, ko kada a yi wa kowa, a kashe amsoshin da suka shafi sirrin mutum, a bar na'urar ta zama ta labarai da karatu da faɗin lokaci, a ajiye ta a falo ko zaure.

Na ce da yardarta, kuma da gangan na faɗa. Maigida shugaba ne, amma muryar matarsa ba mallakarsa ba ce, haka muryar ɗan haya ko mai aiki. Dokar ƙasa ma ta zo a kan wannan: Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta lissafa shaidar murya a cikin bayanan halittar jiki masu bukatar kariya ta musamman, tare da zanen yatsa da hoton fuska, ta kuma ba mutum haƙƙin janye yardarsa da neman a share bayanansa, aka kafa hukuma a Abuja domin kula da haka.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Abin da aka tambayi na'urar yana taruwa a cikin tarihin asusun da aka kafa ta da shi, mai asusun kuwa yana iya buɗewa ya karanta, wani lokaci har ya saurara. Ku yi tunanin matar da ta tambayi wayar mijinta a kan wata lalura ta mata wadda kunya ta hana ta faɗa wa kowa, ko budurwar da ta nemi bayani a kan abin da ke damunta, ko saurayin da bashi ya kama yana neman mafita. Ba su san ana rubutawa ba. Maigidan da ya zauna da dare yana bin wannan tarihi layi-layi domin ya ga abin da iyalinsa ke ɓoyewa, ina ganin ya faɗa cikin tajassusin da Suratul Hujurat ta hana, kuma sauƙin da na'ura ta kawo bai sauya hukuncin ba. Kula da tarbiyyar ƙananan yara daban ne, wajibi ne ma, kuma kamfanonin sun tanadi asusun yara 'yan ƙasa da shekara 13 wanda iyaye ke riƙe da linzaminsa. Amma a yi shi a bayyane, yaro ya san ana dubawa. Ga manya kuwa, abin da ya dace shi ne a tara su a faɗa musu gaskiya, cewa wannan abu yana ajiye magana, sa'an nan a saita shi ya riƙa share tarihin da kansa bayan wata 3, wanda shi ne mafi gajarta a cikin wa'adin da Google da Amazon suka bayar, ko a hana shi ajiyewa gaba ɗaya.

To, kamfanin fa, me yake ji? Bisa ga bayaninsu, na'urar tana sauraro koyaushe amma ba ta aika komai sai ta ji kalmar kira, daga nan ne take tura maganar zuwa manyan kwamfutocinsu a ƙasashen waje. Matsalar ita ce takan ji abin da ya yi kama da kalmar kira ta farka ba a kira ta ba. A watan Mayu na 2018, a birnin Portland na Amurka, wata Echo ta naɗi hirar miji da mata a cikin gidansu ta aika wa wani ma'aikacin mijin, kamfanin kuma ya amsa cewa haka ta faru. A 2019 aka bayyana cewa Amazon da Google da Apple duk suna da ma'aikata, mutane masu kunne irin namu, da ke sauraron wani kaso na maganganun da aka naɗa domin gyaran na'urar. A 2023 Amazon ya yarda ya biya Dala miliyan 25 a Amurka saboda riƙe muryoyin yara fiye da yadda doka ta yarda, a farkon 2025 kuma Apple ya amince da biyan Dala miliyan 95 domin sasanta ƙarar da aka kai shi a kan hadiminsa mai suna Siri. Suratun Nur ta koya mana cewa akwai lokuta uku, kafin sallar asuba, da tsakar rana sa'ad da ake tuɓe tufafi domin hutawa, da bayan sallar isha'i, waɗanda ko yaron gida sai ya nemi izini kafin ya shiga wa iyayensa. Idan ɗan da ka haifa aka sa wa wannan ladabi, ban ga ta inda kunnen kamfani zai sami izinin kwana a turaka ba, kuma na tabbata 'yan'uwanmu Kirista, waɗanda muke zaune da su unguwa ɗaya, ba za su saɓa mini a kan alfarmar ɗakin aure ba. Lasifikar Amazon da ta Google kowacce tana da madannin kashe makirfo, wanda in an danna fitilarta ke sauya launi, ja a ta Amazon. A koya wa kowa a gida inda yake, a danna shi in baƙi sun zo da maganar aure ko gado ko sulhu, kuma a faɗa wa baƙo cewa akwai abu mai ji a ɗakin.

Haka nan in zama ya ƙare. Ɗalibi ya gama karatu ya tashi, mai aiki ya bar aiki, ko aure ya mutu, Allah ya kiyaye: a cire muryar wanda ya tafi, a cire asusunsa, domin kada saƙonninsa su ci gaba da faɗowa a gidan da ya bari, kada kuma shi ya ci gaba da sarrafa kayan gidan daga nesa. Wanda zai sayar da waya ko lasifika a kasuwar 'yan waya, ya fitar da asusunsa ya mai da ita yadda ta fito daga kamfani kafin ta bar hannunsa.

Saura harshe. Lasifikokin nan ba sa hira da Hausa. Alexa ta koyi Larabcin mutanen Saudiyya da Daular Larabawa a 2021. Google ya sa Hausa a cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, a watan Oktoba na 2024 kuma ya ƙara ta cikin harsunan da ake iya bincike da rubutu da murya a waya, tare da Yarbanci da Ibo da wasu harsunan Afirka. Wannan ci gaba ne, muna maraba da shi. Amma umurtar lasifika har yanzu sai da Turanci ko wani baƙon harshe, Turancin ma wanda ya yi kusa da na masu ita, gama wani bincike na Jami'ar Stanford a 2020 ya nuna na'urorin manyan kamfanoni biyar suna kuskuren kusan kashi 35 cikin ɗari na kalmomin baƙaƙen fatar Amurka, alhali na farare kashi 19 ne. In haka ne ga wanda aka haifa da Turanci, ina ga tsohuwar da ke magana da Fulfulde da Gude da Hausa, ba ta taɓa zama a aji ba? Sakamakon shi ne jikanta ɗan firamare ya zama tafintanta, komai nata sai ya bi ta bakinsa, sirrinta ya koma hannun yaro.

Na'ura ba ta koyon harshe sai an tara mata muryoyin masu shi, sa'o'i ɗaruruwa, an rubuta abin da suka faɗa. Gidauniyar Mozilla tana da shirin da masu sa kai ke ba da muryoyinsu, Hausa tana ciki. Mubi kuwa, inda Fali da Gude da Njanyi da Margi da Kamwe da Fulani da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya, tana da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, kuma a cikinsu akwai masu nazarin harshe da masu ilimin kwamfuta. Ina kira gare su da su ɗauki wannan aiki tun kafin wani ya zo daga nesa ya ɗauka a kan nasa sharuɗɗan: a je wa dattawa ta hannun masu unguwanni da hakimai, a bayyana wa kowa da harshensa abin da za a yi da muryarsa, a rubuta yardarsa, a biya shi ladan lokacinsa, a ba shi ikon janyewa ranar da ya so, kuma asalin abin da aka naɗa ya zauna a ɗakin karatun jami'a a nan Mubi, duk kamfanin da ke son amfani da shi ya zo ya nema a rubuce.